Abincin Ranar Suna da Bin Kadin Ƙorafi a Birmingham

Da wuya ka bi babban titi a Birmingham daga farko zuwa ƙarshe ba ka wuce gidan abincin Indiya ba. Sunan ne dai Indiya. A faɗin Birtaniya mafi yawan masu waɗannan gidaje 'yan Bangladesh ne, akasari daga yankin Sylhet, a Birmingham kuma akwai 'yan Pakistan da Kashmir da yawa, waɗanda suka fito da miyar balti a shekarun 1970, wadda ake dafawa a ƙaramin kaskon ƙarfe a kawo maka ita a cikinsa tana tafasa. Abin ya shiga jinin Turawa har ta kai a 2001 ministan harkokin waje na lokacin, Robin Cook, ya ce kazar tikka masala ta zama abincin ƙasa. Mu Musulmi baƙi kuwa, abin da ke jan mu shi ne halal ɗin da ke manne a jikin gilashi. Ga shinkafa, ga nama, ga yaji, ga sallama in ka shiga. Mutum sai ya ji kamar ya zo wurin nasa.

Da wannan zuciyar na yi odar abincin sunan 'yarmu. Ragon suna a Kano aka yanka shi, don a nan ba mai barinka ka kayar da rago a tsakar gida. Surukata, Hajiya, ta zo zaman jego, ta yi waina da kunun kanwa tun safe, amma kicin ɗinmu ba ya ɗaukar mutum biyu a tsaye, baƙi kuma za su zo bayan Magariba. Sai na buɗe manhajar kawo abinci na zaɓi wani gida da ba shi da nisa da mu: biriyanin rago manyan robobi, balti na kaza, gurasar naan, samosa, da miyar korma saboda yara, tunda ita ba ta da yaji. Kuɗi ya kama fam 138. A cikin baƙin akwai ɗan abokina, yaro ɗan firamare wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko kaɗan, uwarsa ba ta fita sai da allurar gaggawa a jaka. Almon ba ya masa komai, an gwada shi a asibiti. Na rubuta wannan a gurbin bayani na manhajar, na kuma buga waya gidan abincin don in ji da kunnena. Wanda ya ɗauka ya amsa sallama da fara'a ya ce, "Kada ka damu ɗan'uwa, mu almon muke sawa, gyaɗa ba ta shiga kicin ɗinmu."

Abinci bai iso ba sai da aka yi Isha aka dawo aka zauna ana kallon juna. Ledar da aka miƙo min mai ya taru a gindinta ya jiƙa rasit. Samosa babu ita ko ɗaya. Biriyanin da na buɗe, shinkafa ce mai ruwan ɗorawa da aka cakuɗa da miya, ta dunƙule, gefe da ɗumi tsakiya da sanyin firij. Wanda ya taɓa cin biriyani na gaske ya san yadda ake jera shinkafa da nama hawa-hawa a rufe tukunya su turaru tare, kowace ƙwaya ta fita daban. Wannan ba ta ga hanyar turara ba.

Hajiya ba ta yi min magana kai-tsaye, kunyar surukuta tana nan ko da ɗakin namu taku biyar ne. Ta ɗauki yanka guda na naman, ta yage shi da yatsu, ta duba zarensa, ta shinshina, sai ta juya wajen 'yarta ta ce, "Ki gaya wa maigidanki naman sa aka kawo masa. San ma tsoho ne." Aka yi dariya, ni ma na yi yaƙe. Dariyar ba ta daɗe ba. Matar abokina ta zuba wa yara korma a faranti, ƙamshin ya tashi, sai Hajiya ta ɗaga kai daga inda take ta ce, "Wa ya yi miyar gyaɗa a gidan nan?" Kafin kowa ya gane abin da ake ciki, uwar yaron ta fizge farantin daga gabansa, cokali yana hannunsa bai kai baki ba. Ta riƙe shi tana duba leɓensa, jikinta na rawa. Wanda ya tashi a Kano ba a ɓoye masa gyaɗa a miya; duk wanda ya ɗanɗana daga cikin manya ya ce ita ce.

Uban yaron, duk da halin da yake ciki, shi ne ya ce, "Angon ƙarni, ɗauki hoto kafin a taɓa komai." Na ɗauki kowace roba a buɗe, na ɗauki rasit ɗin da ke ɗauke da gargaɗin gyaɗar a buge da injinsu, na mayar wa kormar murfi na naɗe ta a leda na jefa firiza. Baƙi suka ci waina da balti da gurasa, aka dafa taliya aka ƙara. Suna ya yi albarka, amma ban ji daɗin daren ba.

Akwai abin da ba na ganin laifinsu a kai. Galibin irin waɗannan gidaje tukunya guda suke da ita ta romon albasa da aka dafa tun rana, daga ita ake ɗiba a soya da kayan ƙamshi daban-daban a kira kowace da sunanta. Shi ya sa miya biyar kan zo da ɗanɗano kusan ɗaya. Dabarar sana'a ce, da ita suke iya fitar da oda cikin mintuna. Amma musanya almon da garin gyaɗa don ta fi araha wani abu ne daban. A 2016 wata kotu a arewacin Ingila ta ɗaure wani mai gidajen abinci shekara 6 bayan wani mutum ya ci miyar da aka rubuta "ba gyaɗa" a murfinta ya mutu a gidansa. Duk wanda ke wannan sana'a a ƙasar nan ya san da shari'ar. Tun Disamba 2014 kuma doka ta wajabta wa mai sayar da abinci ya bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa mutane borin jini, gyaɗa na ciki, in kuma oda ce daga nesa a bayyana kafin a biya da kuma lokacin da aka kawo.

Washegari na buga waya. Muryar jiya ce ta ɗauka, sallama iri ɗaya, "ɗan'uwa" iri ɗaya. Da na fara bayani sai fara'ar ta fara janyewa. Ya ce in maimaita sunana. Na maimaita. Ya ce daga ina nake. Na faɗi unguwarmu. Ya ce a'a, asali yake nufi. Na ce Najeriya, amma me ya haɗa wannan da gyaɗa a cikin korma? Ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya ce yanzu suna da aiki, ya ajiye. Na sake kira, aka bar ta tana ta ruri.

Da yamma na ɗauki rasit da wayata na tafi da ƙafata. Wuri ne tsaf, da kanta a gaba da kujerun jira guda uku, ayar Alƙur'ani a firam a saman ƙofar kicin. Mai gidan dattijo ne, gemunsa da lalle, sa'an babban yayana. Na yi sallama ya amsa ciki-ciki, ya ce in jira. Ina tsaye sai ga wani Bature ya shigo da leda a hannu, fuska a murtuke, ya ce farar shinkafa aka sa masa alhali pilau ya ce, sai da ya isa gida ya gani. Mai gidan ya zagayo daga bayan kanta da kansa. "Ayi haƙuri yallaɓai, kuskurenmu ne yallaɓai." Ya daka wa na kicin tsawa, aka kawo sabuwar shinkafa, aka ɗora masa kwalbar lemo da gurasa kyauta, ya raka shi har bakin ƙofa. Bai tambaye shi rasit ba. Bai tambaye shi suna ba, balle asali.

Na ce a raina to madalla, ashe mutumin ya san yadda ake karɓar ƙorafi. Na matsa na ajiye rasit a kanta, na buɗe hotuna. Ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce in nuna katin shaida, ta yaya zai san ni ne na yi odar? Na nuna masa odar a cikin manhaja da sunana da lambarta. Sai ya ce, "Mun san ku. Ku ci rabi, ku ɗauki hoto, ku ce abinci ya lalace a mayar muku da kuɗi. Ba mako da ba ma ganin irinku."

Na ce, "Mu su wa, Alhaji?"

Ya ce, "Ku 'yan Afirka. Musamman 'yan Najeriya. Duniya duka ta san ku."

Na ce masa ban zo don kuɗi kaɗai ba, yaro ya kusa mutuwa a ɗakina, ina so in ga takardar da ke nuna abin da ke cikin kowace miya, wadda doka ta ce su tanada. Ya ce tana wurin manaja, manaja kuma ba ya nan. Ya ƙara da cewa wannan abinci ba irin namu ba ne, ba mu san ɗanɗanonsa ba, shi ya sa muke jin gyaɗa inda babu ita. Wannan maganar ta fi ta farko ba ni mamaki, a ce da Bakano bai san gyaɗa ba. Da na ce ba zan tafi ba sai ya ba ni amsa kan kormar, sai ya ɗaga waya ya ce ina hana shi ciniki, in ban fita ba zai kira 'yan sanda. Murya ban ɗaga ba, hannuna biyu suna kan kanta. Amma na san yadda hoton zai kasance in suka iso: baƙin mutum a tsaye, dattijo yana cewa an tsorata shi. Na tattara rasit ɗina na fita.

Wani saurayi da ke ɗaure ledoji a gefe, wanda tun da aka fara kansa ke ƙasa, ya biyo ni waje kamar zai zubar da shara. Da Turancin 'yan Birmingham ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri. Ka bi ta manhaja, a nan ba za ka samu komai ba." Ya koma da sauri. A tashar bas na zauna na rubuta duk abin da aka faɗa a wayata, kalma da kalma yadda na ji, da lokaci, da kamannin Baturen da abin da aka ba shi. Daga baya wannan rubutun ya fi hotunan amfani.

Ba zan ce tsoron mai gidan ba shi da tushe ba. Akwai masu cin abinci su ƙaryata, akwai su a kowace ƙabila, kamfanonin manhaja kuma suna yankar kaso mai tsoka daga kowace oda, wani lokaci su mayar wa mai saye kuɗi daga aljihun gidan abinci ba tare da sun tambaye shi ba. Ribar ba ta da yawa. In da ya ce da ni da Baturen duka mu kawo rasit, da ban ce uffan ba. Abin da na gani shi ne mutum biyu sun zo da ƙorafi cikin kwata guda, mai hujja aka kira ɓarawo, marar hujja aka raka shi ƙofa da lemo. Abin da ya ƙara min ciwo, mutanensa sun sha irin wannan a ƙasar nan fiye da yadda muka sha. A watan Mayun 1978 aka kashe Altab Ali, matashi ɗan Bangladesh mai aikin ɗinki, a gabashin Landan, ba don komai ba sai launinsa, yau akwai lambun shaƙatawa da sunansa a Whitechapel. Masu gidajen abincin nan sun shekara da shekaru suna haɗiye zagin mashaya da daddare. A nan Birmingham ma, tarzomar Lozells ta 2005 tsakanin baƙaƙe da 'yan Asiya ta nuna cewa akwai tsohon miki tsakanin ɓangarorin biyu, wanda mu sababbin zuwa muke takawa ba mu sani ba. Mu da muka tashi da finafinan Indiya a Kano, muna rera waƙoƙin da ba mu san ma'anarsu ba, da ƙauna muke tunkararsu, muna zaton ita ce za ta tarbe mu.

Na bi shawarar saurayin na koma manhaja. Can ba mutum ne ke amsa maka ba da farko, jerin maɓallai ne: wani abu bai zo ba, abinci ya huce, oda ta makara. Na danna na samosa, nan take aka mayar min da kuɗinta. Na danna na ingancin abinci, na tura hotuna, aka ce an ba ni fam 5 da zan kashe a oda ta gaba. Sai da na rubuta kalmar gyaɗa da yaro sannan aka haɗa ni da mutum mai rai. Ta tambaya cikin ladabi ko an kai wani asibiti. Na ce Allah Ya kiyaye, bai ci ba. Ta ce za su tuntuɓi gidan abincin. Amsar da ta biyo baya ita ce gidan ya musanta, ya ce an kawo oda daidai, don haka ba za a ƙara komai ba, an rufe batun. Maganar da aka gaya min a kanta kuwa, ta ce tunda ba a cikin manhaja ta faru ba, ba huruminsu ba ne.

Kafin in rufe manhajar na leƙa ra'ayoyin da masu saye suka bari a kan gidan, da amsoshin da mai gidan ya ba su. Ƙorafi iri ɗaya ne ke maimaituwa, makara da nama mai tauri. Inda sunan mai ƙorafin na Turawa ne, amsar ban haƙuri ce da gayyatar ya dawo a gyara masa. Inda sunan ya yi kama da na Yarbawa ko Somaliyawa, amsar ita ce ƙarya ne, ba mu san wannan mutum ba. Na ɗauki hotunan waɗannan ma na ajiye.

Wata abokiyar aikina ce ta ce in kira Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba da shawara kyauta kan irin waɗannan abubuwa. Wanda na samu ya raba min matsalar gida uku, ya ce kowacce da ƙofarta, kada in haɗa su a takarda ɗaya: kuɗi, lafiyar abinci, da wariya. A kan kuɗi, Dokar Haƙƙin Mai Saye ta 2015 ta ce kayan da aka sayar maka dole su zama kamar yadda aka siffanta su, su kuma kai ingancin da mai hankali zai yarda da shi. Rago da ya zama sa, da korma mai gyaɗa bayan an ce babu, duka sun faɗa ƙarƙashin wannan. Akwai kariya ta musamman ga wanda ya biya da katin bashi, sashe na 75 na wata doka ta 1974, amma sai kuɗin abu guda ya haura fam 100, ni kuwa da katin asusuna na biya. Abin da ya rage min shi ne in nemi banki ya janyo kuɗin daga wanda ya karɓa, tsarin da kamfanonin kati suka tanada, galibi cikin kwana 120 daga ranar ciniki.

Bankin bai wahalar da ni ba. Fom ne a intanet: me ka saya, me aka kawo, ka nemi sulhu da mai kaya, me ya ce. Na haɗa rasit, hotuna, da hirar da muka yi da matar manhaja inda ta ce an rufe batun, don ita ce shaidar cewa na bi hanya ta ƙare. Na cire kuɗin balti da gurasa tunda an ci su, da na samosa da aka riga aka mayar, na nemi na biriyani da korma kawai. Suka saka min kuɗin a asusu na wucin gadi, da gargaɗin cewa in ɗaya ɓangaren ya kawo hujja mai ƙarfi za su cire. Wa'adin ya wuce ba wanda ya kawo komai, kuɗi ya zauna.

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi burge ni. A shafin hukumar kula da ingancin abinci, FSA, akwai inda za ka sa lambar unguwar gidan abincin, ya tura ka sashen duba-gari na hukumar birnin da ke kula da shi. Ban yi zaton za a kula ba, sai ga wata jami'a ta kira ni. Tambayoyinta sun nuna ta san aikinta. Da wane baki na gaya musu batun gyaɗar, a rubuce ko a waya? Gargaɗin ya fito a rasit? Wa ya buɗe robar, da wane cokali aka ɗiba, cokalin ya taɓa wani abinci a gidanmu? Akwai man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli a kicin ɗinmu? Na ce akwai yajin ƙuli, Hajiya ta zo da shi. Ta ce to ka ga, shi ya sa kormar da ke firizarka ba za ta tsaya a kotu ba, lauyansu zai ce a gidanka gyaɗar ta shiga. Amma ta ce in ci gaba da ajiye ta, su kuma suna da tasu hanyar: jami'i ya yi oda kamar kowa, ya ce jikinsa ba ya son gyaɗa, a rufe abincin da hatimi a kai ɗakin gwaji.

Batun naman ma ta ce ba sabon abu ba ne. Alƙaluman da FSA ta fitar a 2014 sun nuna cewa daga cikin samfuri 145 na abincin oda da aka sayar da sunan naman rago, 43 na ɗauke da wani naman daban, galibi na sa, saboda ya fi araha. Na ce mata ai gidan yana da maki 4 na tsafta, shi ya sa na amince. Ta ce makin, daga 0 zuwa 5, yana auna tsaftar wuri da yadda ake adana abinci da rubuce-rubucen kiyayewa a ranar da aka kai ziyara, ba ya auna gaskiyar mai gida ko halinsa. A Ingila ma ba dole ba ne a manna shi a ƙofa, a Wales da Ireland ta Arewa ne doka ta tilasta. Da na karanta mata abin da na rubuta a tashar bas, ta yi shiru kaɗan ta ce ba ta ji daɗi ba, amma wannan ba aikin ofishinsu ba ne, ta ba ni lambar layin EASS, masu ba da shawara kan wariya.

A nan ne na ga iyakar takarda. Dokar Daidaito ta 2010 a fili take: sashe na 29 ya hana mai sayar da kaya ko hidima ya nuna wa mutum bambanci, launin fata da ƙasar da mutum ya fito duk suna ciki. Matar da na yi magana da ita a layin EASS ta ce abin da na siffanta shi ne wariya kai-tsaye, an yi maka abin da ya gaza wanda aka yi wa wani a irin halinka saboda asalinka, Baturen mai shinkafa kuma shi ne ma'aunin. Ana kai ƙara kotun gunduma cikin wata shida, kotu na iya sa a biya diyyar ɓacin rai. Amma kafin nan sai an rubuta wa mai gidan wasiƙa. Ta taimaka min da tsarinta: abin da ya faru da ranarsa, kalmomin da aka faɗa, dokar da aka taka, abin da nake nema, da wa'adin kwana 14. Na nemi ban haƙuri a rubuce. Na kuma nemi su ba ni hoton kyamarar shagon na wannan yammacin, tunda dokar kare bayanai ta ba mutum damar neman hoton da yake ciki, a amsa masa cikin wata guda. Na aika ta gidan waya da rajista don a sa hannu a karɓa.

Amsa ta zo a ambulan marar suna. A ciki akwai takardar rangwamen kashi 10 cikin ɗari, da layi biyu da aka buga ba sa hannu: sun gode da shawarata, kyamara kuma ta riga ta goge hotunan wannan makon.

A gida aka rabu biyu. Mai jego ta ce a je kotu, in an bar shi gobe wani zai yi wa. Hajiya, ta bakin 'yarta, ta ce a bar wa Allah, baƙo ba ya shari'a da ɗan gari. Abokai da dama sun ce in rufa wa kaina asiri kada abin ya taɓa biza, tsoron da ke hana mutanenmu da yawa buɗe baki, alhali ƙorafin mai saye ba ruwansa da takardun zama. Ni abin da na auna daban ne. Kuɗin shigar da ƙara, ranakun da zan ɗauka daga aiki da jaririya a gida, sannan shaidu: Baturen ya tafi abinsa, hoton kyamara babu, saurayin da ya kira ni Kawu kuwa albashinsa a hannun dattijon yake, mai yiwuwa ma ɗansa ne. Zai zama maganata da tasa, sai rubutun tashar bas da hotunan amsoshinsa. Ana iya cin nasara da su, ana iya faɗuwa. Na bar wata shidan ya wuce.

Wani dattijo ɗan Pakistan da muke sahu ɗaya a masallaci ya ji labarin, ransa ya ɓaci sosai, ya ce ya san mutumin, zai same shi. Bayan Juma'a ta gaba ya riƙe hannuna ya ce ya yi masa faɗa, mutumin ya ce ranar a gajiye yake, kuma an sha cutarsa, a ba ni haƙuri. Na ce ya zo ya faɗa da bakinsa, ko ya kira, lambata tana kan odar. Dattijon ya girgiza kai ya ce in karɓi wannan ɗin, iyakar abin da zai iya fitowa ke nan. Na yi masa godiya don shi ya yi abin da ya dace, amma saƙon ban karɓe shi a matsayin ban haƙuri ba.

Jami'ar duba-gari ta aiko da saƙo daga baya cewa sun ziyarci gidan, sun ɗauki matakin da ya dace, ba za ta iya ba ni cikakken bayani ba, kormar firiza kuma in zubar. Na buɗe manhajar na duba jerin abincinsu. A gaban korma yanzu an rubuta cewa tana ɗauke da gyaɗa. Biriyanin da a da aka rubuta na rago, ya koma biriyanin nama kawai. Sun kuma ƙara fam ɗaya a kan kowanne.